Babi na Shida: Akori-kura da Kuɗin Gas

A yawancin gidajen mai na Najeriya famfon gas, wato dizal, a gefe yake, can kusa da katanga, inda babbar mota za ta samu wurin juyawa. Ba a cika yin layi a kansa ba. Ko a shekarun da ake kwana a layin fetur, 'yan bumburutu na cin kasuwarsu a bakin ƙofa, mai neman gas yana zuwa za a zuba masa ya kama gabansa. Dalili shi ne tun 2003, a mulkin Obasanjo, gwamnati ta tsame hannunta daga farashin dizal ta bar wa kasuwa, amma ta ci gaba da tallafa wa fetur har shekara 20 bayan nan. Kayan da aka bar mai shi ya yanka masa kuɗi ba ya ɓuya. Tsada kawai yake yi.

Masu tsayawa a wannan famfo iri-iri ne. Ga tireloli da tankoki da motocin yashi, ga yaran gidan burodi da na otal da na asibiti riƙe da jarkoki za su kai wa janareta. A cikinsu duka babu mai ƙarancin ƙarfi kamar mai akori-kura guda ɗaya. Kamfanin da ke da tirela 100 ba ya ma zuwa gidan mai. Tanka guda yake saya daga daffo a farashin sari, in gas ya tashi kuma ya aika wa abokin cinikinsa takarda ya ƙara kuɗin dako. Shi kuwa mai akori-kura lita-lita yake saya, kuma wanda zai ƙara wa kuɗin manomi ne ɗan garinsu, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci, wataƙila ma surukinsa ne.

Aikin da wannan mota ke yi babu wata mai yin sa. Tirela ba ta shiga ƙauye. Kafin buhun masara ya ga Dawanau, kafin kwandon tumatir ya isa Kwanar Gafan, sai an ɗauko shi daga bakin gona ta hanyar burji ko ta yashi. Wanda ya bi hanyar Maigatari ranar Alhamis, ko ta Dambatta da Mai'adua ranar Lahadi, ya san yadda ake loda ta: buhuna a ƙasa, awaki a tsakiya, mutane a can sama sun sako ƙafafu. A da Peugeot 504 ce, haɗin Kaduna, ke wannan aiki, kuma har yau ba ta ƙare a hanya ba. Daga baya Toyota ta karɓe filin da Hilux da Land Cruiser, musamman bayan da duniya ta ga abin da sojojin Chadi suka yi da su a 1987, lokacin da suka tarwatsa tankokin yaƙin Gaddafi a Fada da Wadi Dum.

Sai dai akwai wani abu da ya bambanta Najeriya da maƙwabtanta. A Maradi da Damagaram da Agadas, in aka ce motar aiki, mai gas ake nufi. A Najeriya kuwa yawancin Hilux ɗin da ake gani, na gwamnati da na jami'an tsaro da na manyan mutane, masu fetur ne. Tallafi ne ya jawo haka. Masu gas ɗin da suka faɗo hannun 'yan kasuwar ƙauye galibi 'yan Kwatano ne, ko waɗanda kamfanonin gina hanya da ƙungiyoyin agaji suka gama mora suka yi gwanjonsu. Wato tun ranar da mutum ya saye ta, ta riga ta ci rabin rayuwarta a hannun wani.

To me ya sa mutum zai nemi mai gas alhali ga fetur da araha? Amsar tana cikin injin. Injin da Bajamushe Rudolf Diesel ya tayar a Augsburg a 1897 ba shi da fulogi. Iska zalla yake zuƙa, ya matse ta har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 16 ko 20 na girmanta, ta yi zafin da ya haura digiri 500, sannan nozul ya fesa mata mai, wuta ta kama da kanta. Injin fetur ba ya matsewa fiye da wajen kashi ɗaya cikin 10. Wannan matsi shi ke sa injin gas ya fi tatsar aiki daga kowane ɗigon mai, ga shi kuma ita kanta litar dizal ta ɗara ta fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100. In aka haɗa biyun, mai gas kan sha ƙasa da 'yar'uwarta mai fetur da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma tana da ƙarfin ja tun injin bai yi ƙara ba, abin da direban da ya kafe a yashi da buhu 15 a bayansa ya fi kowa sanin darajarsa. Tunda injin zai jure irin wannan matsi, dole a yi shi da kauri da nauyi. Shi ya sa yake daɗewa, shi ya sa kuma yake tsada.

Cinikin ke nan da ake ƙullawa da motar gas a ko'ina a duniya: ka biya da yawa ranar saye, ka riƙa fanshewa kaɗan-kaɗan a kowace kilomita.

Mu ƙaddara tafiya ce ta kilomita 300, zuwa da dawowa, da kaya. Mai gas za ta sha wajen lita 30, mai fetur wajen lita 40. Daga nan kowa zai iya fitar da ƙa'idar da kansa: muddin litar gas ba ta zarce ta fetur da fiye da kashi ɗaya cikin uku ba, mai gas ce ke da riba a hanya. Da zarar ta zarce, cinikin ya rushe. A Janairun 2022 litar gas ba ta kai naira 300 ba, fetur kuma yana 165 a farashin gwamnati. Tafiyar nan za ta ci mai gas kusan naira 8,700, mai fetur 6,600. Tun a lokacin ma fanshewar ba ta fita, amma tazarar ba ta da yawa, ƙarfi da ƙarko suna cike ta. Kafin shekarar ta ƙare, alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna litar gas ta haura naira 800. Tafiyar 8,700 ta koma 24,000. Maƙwabcinsa mai fetur, ko da ya saya a kan 250 saboda ƙarancin da aka yi fama da shi a ƙarshen shekarar, bai wuce 10,000 ba. Kasuwa ɗaya suke ci, manomi ɗaya suke yi wa dako, kuɗin buhu kuma ɗaya ne. Ba wanda zai biya ka ƙari don injinka ba shi da fulogi.

Inda wutar ta taso

Kowa ya san yaƙin da Rasha ta ƙaddamar a kan Yukren ranar 24 ga Fabrairun 2022 ya tayar da farashin ɗanyen mai. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne dizal ya fi ɗanyen man tashi, ya kuma fi fetur. Gangar ɗanyen mai lita 159 ce, kuma in aka tace ta ba abu ɗaya take bayarwa ba. Fetur na fita daga sashe mai sauƙi, kwalta da baƙin man masana'antu daga mai nauyi, a tsakiya kuma dizal da kananzir da man jirgin sama ke fita daga rariya ɗaya. Matata tana iya ɗan karkata nan ko can, amma ba ta iya mai da ganga duka dizal. A lokacin korona an rufe matatu da dama a duniya, wasu har abada. Da aka dawo harka, jirage suka tashi, masana'antu suka buɗe, sai ga buƙata ta dawo ta tarar da matatu sun ragu. Ana cikin haka yaƙi ya zo, alhali kusan rabin dizal ɗin da Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake fitowa. Turawa suka bazama neman madadi a ƙasashen Larabawa da Indiya da Amurka, wato shagunan da Afirka ta Yamma ma ke saye, kuma aljihunsu ya fi namu zurfi.

Ko a Amurka an ji jiki. A Yunin 2022 galan ɗin dizal ya kai dala 5.81, farashin da ba a taɓa gani ba a can. Masu manyan akori-kura na Ford da Ram da Chevrolet, waɗanda suka ƙara kusan dala 10,000 a kan kuɗin mota don kawai a sa musu injin gas, suka shiga irin lissafin da muka yi a sama. Bambancin shi ne da yawa daga cikinsu suna da wata motar a gida da za su koma wa.

A Najeriya abubuwa biyu suka ƙara wa wutar iska. Na farko, a lokacin ba ma tacewa. Matatun gwamnati huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, da ta Kaduna da aka buɗe a 1980, a takarda suna iya tace ganga 445,000 a rana, amma a 2022 babu wadda ke aiki. Kusan kowace lita sai an sayo ta da dala, kuma mai shigo da dizal ba kasafai yake samun dalar banki ba, sai ta kasuwar bayan fage. Na biyu, wutar lantarki. A tsakiyar Maris na shekarar babban layin wutar ƙasa ya durƙushe sau biyu cikin kwana biyu, daidai lokacin da zafi ke kankama. Bankuna da turakun sadarwa na kamfanonin waya da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai duk suka koma kan janareta. Wannan ne abin da ya fi ba ni tausayin mai akori-kura. Litar da yake nema ita bankin ke nema, kuma banki ba zai kashe injinsa ba ko nawa aka ce.

A ƙetaren iyaka labarin ya ɗan bambanta. Nijar tana da matatar SORAZ kusa da Damagaram tun 2011, mai tace ganga 20,000 a rana, kuma gwamnati ce ke yanke farashi. Litar gas tana sefa 538 lokacin da maƙwabta ke kuka. Shekara da shekaru fetur ɗin Najeriya ne ke tsallakawa arewa a jarkoki, sai ga shi a 2022 ruwa ya juya, gas ɗin Nijar ya fara malalowa waje. Aka wayi gari ana layinsa a ƙasar da ke tace shi. Gwamnati ta dakatar da fitar da shi, sannan a Agusta ta ɗaga farashin zuwa sefa 668, ya zauna a haka har Yulin 2024 da sojojin da ke mulki suka sauko da shi 618. Ƙarin sefa 130 ba wasa ba ne ga direban Maradi, amma in aka kwatanta da wanda farashinsa ya kusa ninka uku cikin shekara guda, shi a inuwa yake.

Abin da ba a gani a famfo

Duk wannan lissafin kuɗin famfo ne, kuma shi kowa ke magana a kai domin shi ake gani a rubuce. Amma ni a ganina ba a gidan mai tsadar gas ke kashe mota ba. Tana kashe ta ne ta hanyar dabarun da take tilasta wa mai ita, waɗanda kowace ɗaya a ranar da aka yi ta hikima ce.

Yawanci mai motar daban, direba daban. An yi da shi zai riƙa kawo balas duk mako, mai da abincinsa da na yaron mota daga cikin ciniki. Da gas ya tashi, sai balas ya fara zuwa da giɓi.

“Maigida, wallahi gas ne ya cinye. Ga rasit.”

“To ni kuma me zan ci? Taya nan gaba da me za a saya? In ba za ka iya ba ka ajiye min mukullina.”

Direba ba zai ajiye mukulli ba, yana da iyali. Abin da zai yi shi ne ya nemo kuɗin a jikin motar. Farko ya ƙara lodi. Motar da masu ƙera ta suka ce tan ɗaya, wato buhu 10 na masara, sai a ƙara mata sifirin a wajen maƙera a ɗora mata 18 ko 20. Kuɗin dako ya kusa ninkawa a kan gas ɗin da bai ƙaru sosai ba. Amma kuloci da birki da taya da bodin kanta duk suna rubuta bashin, kuma za su zo karɓa. Sannan ya koyi sakin giya a gangara don ya rage sha, abin da ya jefa motoci da yawa cikin rami da mutane a kansu.

Sai juye. Injin gas yana cin baƙin mai kusan lita 7, ya fi na fetur, kuma a ƙurarmu da zafinmu bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba a sauya ba. Baƙin mai kuwa shi ma da dala ake shigo da kayan haɗinsa. Sai a ja juyen zuwa 8,000, zuwa 10,000, a riƙa ciko da na kwalba a bakin hanya. Filtar gas da ya kamata a jefar sai a wanke ta da fetur a mayar. Fitilar da ke nuna ruwa ya taru a ƙasan filta ta kama, a ce wa mai wayarin ya cire ta don tana damun mutane. Tayimin bel ya cika wa'adinsa, a ce ai bai nuna alama ba. Ba ya nuna alama. Ranar da ya tsinke fistin ke haɗuwa da bawul, a sauke injin gaba ɗaya.

Mafi muni shi ne gas mai araha. A da da kananzir ake algus, kafin shi ma ya yi tsadar da ba riba a zuba shi. Yanzu abin da ke yawo a jarkoki ya haɗa da wanda aka zuƙo daga tankin tirela ko daga janaretan wani kamfani, wanda in an yi sa'a mai kyau ne sai dai na sata, da kuma wanda ake dafawa a ɓoye cikin dazukan Neja Delta, wanda ba a san abin da ke cikinsa ba. Ko na gidan mai ma ba a daɗe da fara tsaftace shi ba. A 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa wa Afirka ta Yamma dizal na musamman mai ƙazanta. A lokacin dokar Najeriya ta yarda da sinadarin salfa har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai 10 ne iyaka. Sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50. Salfa in ya ƙone yana zama ruwa mai cin ƙarfe, ya gangara cikin baƙin mai ya lalata shi da wuri, a injin da dama an riga an jinkirta masa juye.

Nan ne tsohon inji da sabo suka rabu. Tsofaffin, irin 5L na Hilux da 1HZ na Land Cruiser, famfonsu na ƙarfe ne zalla, ba kwamfuta. Suna da haƙuri. Ka ba su gas mara kyau su yi hayaƙi su yi tari su wuce, in famfo ya gaji kuma akwai masu gyaransa a kowane babban gari. Sababbin, daga D-4D zuwa waɗanda suka fito tun 2015, suna tara mai a bututu ɗaya a matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 1,600 zuwa sama da 2,000, kwamfuta na buɗe nozul sau da yawa a bugu guda, ta ramukan da ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, ba su da ƙara. Amma gas ɗin da kansa shi ne man shafawar famfon da nozul, don haka ɗan ruwa ko ɗan yashi ya isa. Jarka ɗaya da aka samu ragin naira dubu biyu ko uku a kanta tana iya cinye nozul huɗu, kuma kuɗin nozul huɗu na asali ya fi ribar wata da watanni. Waɗanda aka shigo da su daga Turai suna da ƙarin wata matsala, matatar hayaƙi a cikin salansa wadda ba a yi ta don manmu ba. Tana toshewa, motar ta ƙi gudu, ƙarshenta bakanike ya fasa ya zubar. Wannan ne ya sa a kasuwar motocin aiki za ka ga tsohuwa mai shekara 20 ta riƙe kuɗinta, mai saye yana tambaya, “Mai kwamfuta ce ko ta gargajiya?” kafin ya tambayi shekararta.

Akwai kuma kuɗin da ko a littafin mai lissafi ba ya fitowa, domin ba a biyan sa kowa. Mota tana ƙarewa. Kowace tafiya tana gutsurar wani abu daga ranar da za a sayi wata, kuma wannan watan da dala za a saye ta. Mu ce mutum ya sayi 'yar Kwatano a 2021 a kan dala 10,000, lokacin dala tana wajen naira 500 a kasuwa, wato miliyan 5. A Yunin 2023 aka saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Irin motar nan a lokacin miliyan 15 ce tun kafin a zo ga kwastan, wanda shi ma da farashin dala yake lissafa harajinsa, ga shi kuma tun Janairun 2017 an hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. Sai wani ya taya tasa, da ta sha wuya shekara uku, miliyan 9. Ya yi murna, yana gaya wa mutane ya mori mota kuma ya ci ribar miliyan 4. Ranar da ya je sayen madadinta zai gane ko rabin sabuwar 'yar Kwatano da kwastan ɗinta bai riƙe ba. Abin da yake karɓa duk mako yana kira balas, wani kaso nasa ba riba ba ce, motar ce yake ci da kaɗan-kaɗan, kamar manomin da ke dafa irin shukarsa yana jin daɗin tuwo ya yi auki. Kafin tsadar gas akwai ɗan rarar da ke rufe wannan ramin ko ba a sani ba. Gas ya cinye rarar, ramin ya fito fili.

Bayan an cire tallafi

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi. Cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Arewa. Mai motar gas bai yi murna ba, don shi ma babur ɗinsa fetur yake sha, kuma faɗuwar naira ta sake tura nasa gaba, har a farkon 2024 ya haura 1,500 a wasu garuruwa. Sauƙin farko daga Lekki ya zo. Matatar Dangote da ke can, mai ƙarfin ganga 650,000 a rana, da dizal da man jirgi ta fara a Janairun 2024, kuma a Afrilu ta sauko da farashin sari zuwa naira 1,000. Kafin man ya hau tanka ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 zuwa Kano, a motar da ita ma gas take sha, an ƙara masa abin da aka ƙara, amma dai ya sauko. A Oktoban shekarar fetur ya haura 1,000. Tazarar da ke tsakanin famfunan biyu ta dawo kusa da kashi ɗaya cikin ukun nan, wani wurin ma ƙasa da haka. Cinikin Rudolf Diesel ya sake fara aiki a Najeriya, sai dai ya tarar da da yawa daga waɗanda za su more shi sun riga sun sayar, ko motocinsu na kan duwatsu a gareji.

Kuma mai fetur yana da wata ƙofar da mai gas ba shi da ita. Tun 2023 gwamnati ke tura mutane su mai da motocinsu masu amfani da iskar CNG. Injin fetur yana da fulogi, don haka tukunya da 'yan na'urori kawai za a ƙara masa. Injin dizal ba shi da abin kunna iskar, sai dai a yi masa babban aiki ko a riƙa haɗa masa biyun. A Arewa ma duk wannan ya dogara ne da isowar iskar, wadda aka fara shimfiɗa wa bututun kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano tun 2020.

Wanda zai sayi Hilux mai gas don a gan shi a ciki, daga gida zuwa ofis zuwa ɗaurin aure, ba ni da abin ce masa sai Allah ya ƙara buɗi, don ba zai taɓa fanshe ƙarin kuɗin da ya biya ba, kuma gajeriyar tafiyar cikin gari ita ce abin da sabon injin gas ya fi ƙi. Motar aiki kuwa kasuwa ta riga ta yi mata iyaka. Ƙananan tafiye-tafiye, daga gona zuwa bakin titi, daga kasuwa zuwa unguwa, 'yar ƙurƙura da amalanken shanu sun karɓe. Abin da ya rage mata shi ne doguwar hanya da kaya mai nauyi da yashi, inda dama can nan ne gidanta.

A nan ɗin ma sai da sharaɗi ɗaya, kada ta dawo wayam. Lita 30 ɗin nan in buhunan zuwa kaɗai za su biya ta, kowane buhu ya ɗauki kuɗin zuwa da na dawowa. In an samu lodin komawa, taki ko siminti ko kwanon rufi ko katan-katan na lemo da taliya na masu shagunan ƙauye, nauyin ya rabu biyu. Shi ya sa lambar ɗan kamasho ta zama abu mai daraja a wayar direba, shi ya sa kuma direban da a da yana sauke kaya zai juya, yanzu yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin motarsa a tasha ya kwana, wani lokaci kwana biyu, yana jiran abin da zai koma da shi. A can ƙauye kuma mai tumatir ya riga ya tsinke, kwanduna na jere a bakin gona cikin rana, yana ta kiran waya ana ce masa, “Baba, ka ƙara haƙuri, lodi bai cika ba.”